Jirgin da Ya Bar Shi a Trèbes

Ina jiran cuku a rumfar bakin ruwa a garin Trèbes, sai wani dattijo ya iso yana haki.

"Madam, jirgin ruwan da muke yawon hutu a ciki ya tafi ya bar ni. Tsohuwar majami'a kawai na leƙa."

"Kwantar da hankalinka, yallaɓai," in ji mai rumfar. "Masu buɗe wa jirage ƙofar ruwa a can gaba sun tashi cin abinci, dole ya tsaya, a ƙafa ma za ka cim masa. Wa ke tuƙi?"

"Matata, Odile. Har hannu ta ɗaga mini. Ta ce in ta ƙara jin tarihin wani gini, aurenmu ya mutu."

Mai rumfar ta miƙa masa kwalbar giyar inabi ya kai wa matarsa.

"Bi ta, amma bakinka a rufe. Mai son rabuwa da gaske ba ta hawa jirgin da agwagwa ke wuce shi."