An Maido Kwanon Ƙanwata Ba a Buɗe Ba

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, da fatan ana shan ruwa lafiya.

Ban saba kai ƙara gidan rediyo ba, kuma na jima ina juya wannan magana kafin in rubuto.

Ƙanwata Hadiza malamar jinya ce a wata likita cikin yankin Malbaza. Tun da korona ta shigo, takunkumi ɗaya gare ta, ta wanke da marece, ta ɗaura da safe. Ta daina ɗaukar ɗiyarta sai ta yi wanka. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Kowa ya san al'adarmu ta azumi: maƙwabci ya aiko da kwano, kai ma ka aika. Shekaranjiya Hadiza ta taso daga aiki, ta soya ƙosai, ta kai gidan da ke jikin namu. Uwargidan ta tare ta a bakin zaure, ko murfin ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ku ci abinku, Hadiza. Mu ba mu cin na mutanen likita."

Hannun da aka ƙyamata, shi ya karɓi haihuwar jikan gidan bara. Wannan ba tsoron cuta ba ne, butulci ne.

Yanzu ta ce za ta ajiye aikin. Masu sauraro, ku ba ni shawara: da wane baki zan ce mata ta koma ta yi jinyar mutanen da ba su cin ƙosanta?

Naku, Abdu Mamman, daga Malbaza.