Limamin da Ya Koma Sahun Baya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni manomin albasa ne daga Jiga Makera, kuma ni ke jan salla a masallacin unguwarmu tun rasuwar mahaifina.

Shekara biyu ke nan cikina yana murɗawa, ya kumbura, ya cika da iska. Ran nan ina raka'a ta biyu ta La'asar alwalata ta karye. Na jawo na bayana ya ƙarasa, na fita kaina a sunkuye. Sau uku haka na faruwa da ni.

Likita a Jega ya auna ni, ya ce hanjina ne ba ya jure wasu abinci, kuma damuwa na tayar da shi. Ya ce, "Malam, ka bar albasa da wake da nono, ka kwantar da hankalinka." Na bar su, na ga sauƙi. Amma da an ta da iƙama sai gabana ya faɗi, cikin ya motsa.

Yanzu na bar wa wani jan sallar, a sahun baya nake tsayawa, kusa da ƙofa. Masu sauraro, don Allah ku ba ni shawara. Albasar da nake nomawa da hannuna na iya barinta. Tsoro fa, yaya ake barinsa?