Babur ɗin da ya fi ƙarfina

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Sunana Markus, ɗan Mama Rahila ta zumuntar mata. Na roƙi fasto ya bar ni in rubuta shaidata in karanta, don in na ce da ka zan yi, ina jin rabi zan manta, rabi kuma in maimaita.

Ban ma tabbata ko abin da zan faɗa ya kai a kira shi shaida ba. Wasu daga gadon asibiti aka tashe su. Ni daga tsoro Ubangiji ya fitar da ni. Amma a ganina, shi ma ciwo ne.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, na samu aikin malamin gona a ƙauyukan Sandamu. Ni da Mama muke zaune a nan Daura tun rasuwar Baba. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, kuma kun san nisan gidanmu da wannan majami'a. Acaɓa kuwa ba ta hawa, ta ce yaran gudu suke kamar an biyo su. Sai ta fara fashin sujada. Ran Lahadi ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalinta, ta zauna a tsakar gida tana rera waƙoƙin yabo ita kaɗai. Aiki ma yana bukatar babur, amma gaskiya don in riƙa kawo Mama nan na tashi saye.

Na je shago da wani abokin aikina, Sagir. Na hau wani ƙarami, irin wanda ake ce wa roba-roba, na ji shi daidai jikina. Sagir ya fashe da dariya.

“Haba Markus! Ka shiga ƙauye da wannan, ai manoma za su ɗauka rigakafi ka zo yi wa yara. Ɗauki babba, za ka girma a kansa.”

Ni da na daina girma tun ina sakandare! Kamar yadda kuke gani, ba dogo ba ne ni. Da na hau babban, irin na 'yan acaɓa, yatsun ƙafa ɗaya ne suka taɓa ƙasa, su ma sai da na karkata. Zuciyata ta ce a'a, bakina ya ce a kawo makulli.

Ban daɗe da koyo ba na ɗauko Mama wata Lahadi. A lungun bayan gidanmu, inda rairayi yake taruwa, akuya ta gifta. Na damƙe birkin gaba, taya ta zame. Na miƙa ƙafa in tokare, ƙafar ta nemi ƙasa ta rasa. Ba gudu muke ba ko kaɗan, nauyin babur ne ya kai mu. Mama ta dafa ƙasa, ƙashin wuyan hannunta ya tsage, salansa kuma, wato bututun hayaƙin babur, ya ƙone mata ƙauri.

Kun san abin da ta fara cewa tana kwance cikin rairayi? “Markus, ba ka ji ciwo ba ko?”

Wayyo, 'yan'uwa!

Daga ranar na lulluɓe babur da tsohon bargo, ko kallonsa ba na iya yi. In na ji ƙarar inji a bayana, sai in yi maza in kauce gefen hanya. Aiki sai a motar haya, sauran hanya in taka. Hannun Mama ya warke, ƙunar ta bushe, amma ta koma rera waƙarta ita kaɗai a tsakar gida. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Da ta yi faɗa, wataƙila da na fi samun sauƙi.

Wata safiya muna addu'a, sai ta ɗora hannun nan da ya tsage a kaina. Ta ce, “Ya Ubangiji, kai ka halicci yaron nan, kai ka san tsawon ƙafarsa. Ka cire masa tsoro, amma kada ka cire masa hankali. Ni kuma ina marmarin gidanka.”

Na yi kuka kamar yaro. Ba zan ce na ji wata murya ba, don ban ji ba. Sai dai wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya kwance. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

A makon nan maƙwabcinmu Malam Haruna, Musulmi ne, tsohon hedimasta, ya tare ni a ƙofar gida da ɗan roba-robansa da ya yi shekaru yana hawa. Ya ce, “Ɗana, zo ka zauna a kan nan in gani.” Na zauna. Tafin ƙafafuna biyu suka taka ƙasa daram. Ya ce, “To, ka ga irin naka ke nan.”

Shi ya raka ni muka musanya babban da ƙarami, muka sayo hular kwano biyu. Kullum bayan la'asar sai mu je filin makaranta, ya ɗaure mini rabin buhun gero a baya, ya ce, “Wannan ita ce Mama. Ka kayar da ita, ni da kai ne.” A can na koyi taka birkin baya a hankali cikin rairayi, da duban nesa maimakon gaban taya, da sakin kafaɗa. Na kayar da geron nan, ba zan ɓoye ba. Amma ranar ta zo da na daina.

Ni ba gwani ba ne, kuma ba ina cewa babban babur laifi ne ba. Sai dai ƙannena masu shirin saye, ku zauna a kai tukuna. In ƙafafunku ba su taka ƙasa sosai ba, ina ganin gara ku sauka. Kada kuma ku yi saurin ɗaukar mutum.

Lahadin da ta wuce, sai ga Mama ta fito da hular kwano a kan ɗankwali. Ta tattare zanenta da kyau don kada taya ta kama, ta hau, ta riƙe ni. Muka taho a hankali, har wani dattijo a kan keke ya wuce mu. Kunya ta kama ni, na kai hannu zan ƙara wuta. Mama ta taɓa kafaɗata.

“Ƙyale shi, Markus. Ba majami'armu za shi ba.”

Ga ta can a layi na biyu cikin 'yan'uwanta mata, kun ji muryarta ɗazu. Na gode wa Allah da ya cire mini tsoro, na gode masa don Malam Haruna. Duk wanda wani abu ya ɗaure masa ƙirji, ko da yana ganin ya yi ƙanƙanta a kawo gaban Ubangiji, ya kawo. Yana ji. Haleluya!