Ƙofar Ƙudus Ba Ta Dawo da Yohanna Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sani direba, daga Ruwais a Jidda. Don Allah ka karanta wannan, masu niyyar ziyara su ji.

Abokina Yohanna Kirista ne mutumin Jos, makanike a garejin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya. Bayan hajji muka tafi Urdun tare, wato Jodan, da yake rabin Ƙudus da Baitalami suna hannunta, ni in yi salla a Masallacin Ƙudus, shi ya ga Baitalami. Tun a kan iyaka aka tsare shi, sai da ya nuna takardar baftisma, shaidar shi ba Bayahude ba ne.

Ya ga Baitalami, har da hawaye. Sai ya ce saura Nazarat, wadda ke ɓangaren Isra'ila.

Na ce, "Yohanna, wanda ya ƙetare ƙofar da ta raba Ƙudus ba ya dawowa ta nan."

Ya ce, "Haba Sani, kwana biyu ne fa!"

Na riƙe rigarsa a layin ƙofar, soja ya daka mini tsawa, "Yalla!" Dole na sake shi, ya ƙetare. Kwana uku ina sintiri a bakin waya mai ƙaya. Halas, shi ke nan, ba su bar shi ya dawo ba, kuma fasfo mai hatimin can ba ya shiga Jidda.

Jama'a, ku riƙe takardar baftisma. Kada ku ƙetara zuwa Nazarat sai in daga can gida za ku wuce.

Yohanna, in kana saurare, yau wata bakwai ke nan. Akwatinka yana ɗakina, ban bar kowa ya taɓa shi ba. Ka aiko mini inda zan kai maka shi.