Hannuna Ya Ƙi Riƙe Aska

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina yi maka sannu da aiki. Ni ne Sani Wanzami daga Faskari.

Wata huɗu ke nan da na faɗi da sabon babur ɗina a hanyar Ƙanƙara, wuyan hannuna na dama ya karye. A babban asibiti aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe a ciki. Da aka kwance ɗaurin, sai na ga hannun ya motse kamar ba nawa ba. Likita ya ce in riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi, ina matsa ƙwallon roba kullum. Ina yi, amma har yau yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa.

Ranar Laraba maƙwabcina Alhaji Bawa ya kira ni askin suna. Na ɗauki aska, aka miƙo jaririya, sai askar ta suɓuce mini ta faɗi dab da kunnenta. Kakarta ta rafka salati. Alhaji ya ce, "Malam Sani, bari dai a kira wani." Wallahi tun ranar ko jakar aska ban sake taɓawa ba.

Yanzu Baba ya matsa in je wurin maɗori a Sabuwa a sake karya hannun a ɗora. Da ƙarfen a ciki? Tsoro nake ji.

Don Allah, duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan aiki ya faɗa mini gaskiya: yatsun nan suna dawowa? Ba ni da wata sana'a sai wannan.

Ina gaida Alhaji Bawa da iyalinsa. Su yafe mini.