Ranar da Ƙanena Ya Kwance Katifa daga Saman Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaban taro, malam liman, ma'aikatan asibiti, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa, da ku matasan da kuka yashe kwatar layin nan da hannuwanku, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni, tela, abin magana a ranar buɗe famfon unguwarmu, alhali ga malamai zaune. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Jama'a, lamarin addinin nan mamaki yake ba ni. Tun kafin a ƙera na'urar da ke nuna ƙwayar cuta aka ce mana: in ka farka, wanke hannunka kafin ka tsoma shi a ruwa. Aka ce mu rufe abinci, mu rufe abin sha. Aka hana mu bawali a ruwan da ba ya gudu, aka hana mu bahaya a hanya ko a inuwar da mutane ke hutawa. Wa ya sanar da Annabi wannan in ba Mahaliccin ƙwayar cutar ba? Allahu Akbar!

Amma koyarwar da ta fi girgiza ni ita ce ta annoba. Kun tuna lokacin da amai da gudawa suka shigo mana. Wata safiya na iske ƙanena direba ya ɗaure katifa a saman mota, yara na ciki, zai kai su garinmu wajen Inna, mahaifiyarmu. Haka muka taso: abu ya yi zafi, sai gidan uwa. Matarsa kuwa tana zaune a bakin ƙofa, ko mayafi ta ƙi ɗauka.

Ya ce, "Yaya, yi mata magana, so take yaran nan su mutu!"

Ta ce, "Yaya, Annabi ya ce in annoba ta sauka kana gari, kada ka fita gudunta. Kuma ka san gidan Inna: randa ɗaya, moɗa ɗaya, kowa da ita yake sha."

Ya ce, "Ai lafiyarsu ƙalau!"

Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya yi faɗa, ya buga ƙofar mota. Can sai na ga yana kwance igiya. Ni na taya shi sauke katifar.

Washegari autarsu ta fara amai. Da yake asibiti na kusa, aka ruga da ita, aka ƙara mata ruwa, Allah Ya tashi kafaɗarta.  Wallahi da sun tafi, hannun yarinyar nan ne zai tsoma moɗa a randar tsohuwa, a garin da babu likita.

Don haka ina roƙonku: kada famfon nan ya rasa sabulu, kada shara ta koma kwata, kada wani ya ce tsafta aikin gwamnati ne. Ibada ce, kamar alwala.

Mai neman shaida ya dubi layin gaba. Ga Inna can da ranta, kuma yarinyar da ke cinyarta tana jan carbinta, ita ce autar.

Allah Ya tsare mu daga annoba, Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.