Yadda Jirginmu Ya Tafi Ya Bar Ni a Ƙarƙashin Teku

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetona. Ku ɗan turo tagar nan, na san muryata tana tashi idan na fara maganar ruwa.

Sunana Ishaku, ɗan Wusasa ne ni. Da aikin direba na shigo Jidda. Kafilina, wato ubangidan da ya kawo ni, ya riƙe fasfona, ya mayar da ni kamar jaki, har na gudu na ɓuya a unguwar Ruwais. Iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu. A can wani ya haɗa ni da jirgin ruwan da yake kai Turawa nutso. Jirgin yakan nausa kudu, a kwana a ciki, a ci a ciki, sai a yi mako ba a ga gari ba, sai tsibirai na farin yashi.

Aikina wanke kaya da cika tulunan iska. Ba wanda ya koya mini nutso, kallo kawai nake yi. Idan baƙi suna barcin rana sai in goya tulu in zame. Kai, jama'a! Ba ku ga abin da Allah ya ɓoye a ƙasa ba. Murjani ja da shuɗi kamar lambu, kifi dubu su juya tare, kififiya ta zo ta leƙa fuskarka ta wuce abinta. Ruwan nan ya cinye mini zuciya. Taron ibadar nan namu na daina zuwa, addu'a ma na bari.

To akwai dabarar da rayyis, wato shugaban jirgin, ya tsara mini. Idan aka hango masu sintirin teku za su zo duba takardu, sai ya ce, "Yalla ya walad," wato maza yaro, "sauka!" Sai in goya tulu in shige ƙarƙashin cikin jirgi, inda ba za a ga kumfar numfashina ba, in riƙe igiyar anga. Dokarsa ɗaya ce: ko me ya faru, kada in fito sai na ji an buga ƙarfe a jikin tsani. Mun sha yi, har abin dariya ya zama.

Ran nan da hantsi suka zo. Na sauka. Ina riƙe da igiya, ina jiran ƙarfe, sai na ji inji ya tashi. Igiya ta fara zamewa a tafin hannuna, ana jan anga sama.

Idan na bi ta, masu sintiri za su gan ni, sai gidan tarhil inda ake tsare marasa takarda, sai korar gida hannu wofi. Na saki. Na ƙara yin ƙasa kada farfela ta yanka ni. Na ce ai za su kewayo.

Ba su kewayo ba. Na zauna a ƙasa har na ja numfashi na ji tulu ya bushe. Na fito sama. Babu jirgi, babu masu sintiri, babu komai. Ruwa ta ko'ina.

Na kwance ɗamarar dalma na yar, na hura rigar nutso da baki don kada in nitse. Igiyar ruwa ta ɗauke ni. Rana tana dukan kaina, gishiri ya tsattsaga mini leɓe. Na yi ihu har muryata ta mutu. Wani girshi, kifin nan mai cin mutum, ya bi ta ƙarƙashina a hankali, na ga inuwarsa sarai.

Da yamma ruwa ya watsa ni kan wani tsibiri, murjani ya yayyanka mini gwiwoyi. Ba itace, ba inuwa, ba ɗigon ruwan sha. Yashi ne da kashin tsuntsaye. Nan na kwana.

Washegari harshena ya kumbura ya cika bakina. Fitsari ya tsaya. Na rarrafa bakin ruwa, na ɗebo da hannu biyu zan sha, alhali na san mutuwa ce. Sai na tuna uwata. Ita tana can tana gaya wa matan zumunta ɗanta yana tuƙa mota a Saudiyya. Zan mutu a nan, ko gawa ba za a kai mata ba.

Na zubar da ruwan, na kifa fuska a yashi. Baki ba ya buɗuwa, a zuci na yi addu'a. Na ce, "Yesu, babu mai nemana, domin a wurin hukuma ban taɓa hawa jirgin nan ba. Amma kai ka san ina nan. Ka ji Yunana daga cikin kifi. Ni ma ka ji ni."

Ban ga wani haske ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Tsoron ne kawai ya sauka daga zuciyata. Na ja tulun nan mai launin ɗorawa na kafa shi a tudun yashi, na kwanta kusa da shi.

Rana ta karkata sai na ji inji. Ƙaramin kwalekwalen jirginmu ne. A gabansa Baba Idris ne tsaye, kukun jirgi, dattijo Musulmi, Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Hindawiyya a nan Jidda. Ya diro cikin ruwa da jallabiyarsa.

"Ɗan nema! Kana da rai? Alhamdulillahi! Buɗe baki. A'a, kaɗan-kaɗan, za ka amayar, ya walad."

Yana ɗiga mini ruwa yana kuka yana zagina. "Kifi ne kai? Uwarka a kogi ta haife ka?"

A hanya ya gaya mini abin da ya faru. Masu sintiri sun ce an hana tsayawa a wurin, suka tasa jirgi gaba har nesa. Da suka tafi, rayyis ya ce, "Halas, shi ke nan, yaron ya riga ya mutu. Idan na kai rahoto, ni za a ɗaure." Baba ya kashe murhu ya ce, "Wallahi ko ka juya jirgin nan, ko in kira masu sintiri da bakina in gaya musu abin da ka jefa a ruwa. Ɗan mutane ne!"

Muna isowa Jidda rayyis ya kore mu, ni da shi. Dattijon da ya tsufa a jirgin nan, yau yana zaune a gida. Kunnena na hagu bai ƙara ji ba, kuma har yanzu ba ni da takarda.

Amma ga ni tsaye a gabanku, ina numfashi! Na gode wa Yesu da bai bar ni na sha ruwan nan ba. Na gode masa da ya tayar da mutumin da ba addininmu ɗaya ba ya tsaya mini. Ku sa Baba Idris cikin addu'a, yana da iyali.

Na san a ɗakin nan akwai waɗanda gabansu ke faɗuwa idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, waɗanda idan sun ɓace yau ba mai zuwa cigiya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kira shi. Ko bakinka ya kasa buɗuwa, kira shi a zuci. Ni ma a haka ya ji ni. Amin.